Kore a Mosel, ruwan ƙasa a Rayin

A Düsseldorf kwalba ba ta shiga bola ɗaya da sauran shara. Unguwa-unguwa za ka ga manyan akwatunan ƙarfe uku jere a bakin titi, ɗaya na farar kwalba, ɗaya na mai ruwan ƙasa, ɗaya na koriya, kuma an rubuta a jikinsu cewa ba a zubawa da dare ko ranar Lahadi, don kada ƙarar fashewar gilashi ta hana maƙwabta sakat. Ɗan yayata da ke karatun kimiyyar sinadarai a Jamus, wanda a ɗakinsa na sauka, shi ya ɗora mini jakar kwalaben da ya tara muka fita. A ciki akwai wata shuɗiya ta ruwan sha, na tsaya ina juya ta a hannu.

"Kawu, a kore za ka jefa," in ji shi. "Duk launin da ba shi da akwati, kore ne ke haɗiye shi."

Baje kolin kayan ƙunshi da dure-dure, wanda ake kira interpack, shi ya kai ni garin a watan Mayun 2023. Sana'ata a Kano durin man zaitun da man habbatussauda da zuma ce, kuma kwalba ta daɗe tana cin kuɗina fiye da yadda nake so. Ban je don giya ba, ba na sha, ba na sayarwa. Sai dai duk rumfar masu kwalba da na shiga, rabin abin da suka jera na giyar inabi ne, kuma in ka yi tambaya kan haske da launi, da ita za su ba ka misali, domin a kanta aka fi yin binciken. Wanda ke son ya san halin kwalba a Turai dole ya bi ta gonar inabi, ko da lemo zai sha a can.

A wata rumfa wani dattijo da ya ce ya yi rayuwarsa a bakin matoyar narka gilashi ya ɗauko guntun gilashin taga, ya juya mini gefensa. Ta fuska garai-garai yake, ta gefe kuwa kore ne shar. Ya ce wannan shi ne asalin launin gilashi. Yashi ne kusan kashi 70 cikin 100 na haɗin, sauran garin soda ne, ɗan'uwan kanwarmu, da dutsen farar ƙasa, a narka su a zafin da ya kai digiri 1,500. To babu yashin da ba shi da ɗan ƙarfe a ciki, kuma ƙarfen nan shi ke ba da kore. Ke nan mutanen zamanin da ba zaɓar kore suka yi ba, shi suka samu. Farin gilashi shi ne mai wahala da tsada, sai an nemo yashi mai ƙarancin ƙarfe, an kuma zuba wani sinadarin da zai kashe ɗan koren da ya rage. A da manganis ake sawa, yanzu siliniyam da ɗigon kobal. Koren yau da gangan ake yin sa, da sinadarin kuromiyam. Ruwan ƙasa daga haɗuwar ƙarfe da farar wuta da gawayi yake fitowa. Shuɗi kuwa kobal ne, kuma ɗan kaɗan ya isa ya rine tuli guda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matoyar kanta. Ba a kashe ta, dare da rana tana ci, shekara goma ko fiye. In masana'anta za ta sauya daga wani launi zuwa wani, sai ta yi kwanaki tana fitar da kwalabe masu launin da ba nan ba can, galibi a farfasa su a mayar ciki. Shi ya sa ƙaramin ɗan kasuwa irina ba ya zuwa ya ce a yi masa launin da ransa ke so. Abin da matoya ke yi a wannan watan, shi za ka saya. A nan ne kuma na fahimci maganar akwatuna ukun nan: farin gilashi ba ya jure baƙo, 'yan kwalabe masu launi sun isa su ɓata narki guda, amma kore yana iya ɗaukar farfasasshen tsohon gilashi har wajen kashi 90 cikin 100. Kowane kashi 10 na tsohon gilashi da aka ƙara yana rage wutar da ake ci da kusan kashi 3.

Da aka tashi daga bajen kolin muka hau jirgin ƙasa muka yi kudu, ta Kolon da Bonn, kogin Rayin yana hannun hagunmu, jiragen ruwan dakon kaya dogaye suna jan ciki a kansa. Muka sauka a Koblenz, inda kogin Mosel ke zuba cikin Rayin. A daidai mahaɗar akwai ƙaton mutum-mutumin Sarki Wilhelm na Ɗaya a kan doki, wanda aka kafa a 1897, aka rusa a yaƙin 1945, aka mayar a 1993. Mutane na ta ɗaukar hoto, ni kuwa hankalina na kan tagar wani kanti a tsohon gari. Kwalabe ne dogaye sirara, marasa kafaɗa, siffarsu ɗaya sak, amma na hagu kore, na dama ruwan ƙasa. Ɗan yayata ya shiga ya tambaya. Mai kantin ta ce al'ada ce tun ta kakanni: giyar Mosel a koriyar kwalba, ta yankunan Rayin a mai ruwan ƙasa. Inabin ma sau da yawa iri ɗaya ne, wanda suke kira Riesling. Ba doka ba ce, alama ce kawai, don mai saye ya gane kogin da abin ya fito tun kafin ya karanta takardar jiki. Ta ƙara da cewa yanzu kowa na yin yadda ya ga dama, ta nuna mana fara da shuɗiya a ƙasan kanta, tana taɓe baki. Can gefe kuma ga wata mai faɗin ciki, gajeruwa, shafaffiya, ta yankin Franken, ita kam siffarta doka ce ke kare ta, ba kowa ke da ikon dura a cikinta ba.

Washegari muka bi Mosel sama. Bayan Cochem jirgi ya shige wani rami mai tsawon sama da kilomita 4, ya fito da mu Ediger-Eller. Daga nan ana ganin dutsen Calmont, gonar inabin da ake cewa babu mai tsayuwarta a Turai, gangarenta ya kai digiri 65 a wasu wurare. Ban taɓa ganin noma irin wannan ba. Ƙasar ba ƙasa ba ce, falle-fallen baƙin dutse ne masu zamewa a ƙarƙashin ƙafa, kowace kurangar inabi an ɗaure ta a jikin turkenta, ga wata 'yar keke mai inji da ke hawa a kan layin dogo ɗaya tilo tana kai kaya sama. Na hau kaɗan, gwiwa ta ce ita kam a nan ta tsaya. Yaron ya wuce abinsa.

A gindin dutsen na zauna a wani ɗan tsakar gida inda wata tsohuwa ke sayar da abin da gidansu ke yi. Da ta ji ba na sha, ba ta yi wani mamaki ba, ta kawo mini ruwan inabi zalla wanda bai tsimu ba, mai sanyi, a koriyar kwalba irin tasu. Da yaron ya sauko yana haki ya zama tafinta. Na tambaye ta ko launin na ƙara wa abin daɗi. Ta yi dariya ta ce gilashi ba shi da ɗanɗano, kore ko fari, ba abin da yake sakarwa a ciki. Ta shiga ta fito da farar kwalba guda da giya mai ruwan hoda a ciki, ta ce wannan 'yarta ce ta matsa aka fara yi, saboda baƙi masu yawon buɗe ido da ido suke saye. Amma ba ta taɓa ajiye ta a taga. Wadda ke tagar ruwa ne mai launi a ciki, ta gaskiyar tana cikin kwali a ɗakin ƙasa. Wannan dabarar ta burge ni, domin ta nuna tsohuwar ta san abu biyun da ke faɗa da juna a cikin sana'ar, wato mai saye da ke son gani da hasken da ke ɓata abin ciki, kuma ta raba su ba tare da ta yi asarar ko ɗaya ba.

A Trier, tsohon birnin Rumawa, mun tsaya a ƙofar nan ta baƙin dutse, Porta Nigra, sannan muka shiga gidan tarihi. Akwai jirgin ruwa da aka sassaƙa da dutse tun wajen shekara ta 220, wanda aka tono a Neumagen, ɗauke da manyan ganguna. Babu kwalba ko ɗaya a kansa. Ƙarnuka da dama a ganga da tulu ake safarar giya, kwalba abin kaiwa tebur ce kawai, siririya mai saurin fashewa. Daga Ingila aka sauya lamarin. A 1615 Sarki James na Ɗaya ya hana ƙona itace a matoyar gilashi, don ana buƙatar katako wajen ƙera jiragen yaƙi. Masu gilashi suka koma kwal, wutar kwal ta fi zafi, sai gilashin ya fito da kauri da ƙarfi, hayaƙin kuma ya sa shi duhu, kore mai kusan baƙi. A shekarun 1630 ake danganta wa wani mai suna Kenelm Digby ƙirƙiro wannan kwalba mai ƙwari. Duhun da ya zo da ita ba don kare komai aka yi shi ba. Sai daga baya aka lura abin da ke cikin baƙar kwalba ya fi daɗewa, kuma tana ɓoye laka-lakan da ke kwanciya a gindin tsohuwar jar giya.

Daga Trier mota muka ɗauka haya, muka ratsa Luksambag muka shiga Faransa, muka nufi Reims, birnin da ake naɗa sarakunan ƙasar a babbar majami'arsa. Na san wani zai ce me ya kai Alhaji rumbun shamfen, giyar nan mai kumfa ta wannan yankin. Amsa ita ce fitila. Yaron ya ce in ina son ganin yadda ake tsoron haske, to nan ne wurin.

Matakala muka bi muka gangara kusan mita 30 a ƙarƙashin ƙasa, cikin ramukan alli da aka haƙa tun zamanin Rumawa don samun dutsen gini. Bango fari ne, da danshi, in ka shafa sai ya bar maka gari a yatsa. Sanyin wurin bai cika wuce digiri 10 zuwa 12 ba, rani da damina. Kwalabe kwance dubu-dubu, gindinsu na kallonka, ƙura ta lulluɓe su. Fitilun kuwa duk ruwan ɗorawa ne masu rauni, har fuskar mutum ta koma wata iri. Mai zagayawa da mu ya ce ba ado ba ne. A jikin farar giya akwai sinadarin ribofilabin, wato bitamin B2. In haske mai launin shuɗi ko wanda ya wuce shi, irin wanda ido ba ya gani, ya same shi, sai ya zuga wasu sinadarai masu farar wuta su warware, abin ya soma warin dafaffen kabeji ko jiƙaƙƙen ulu. A jami'ar garin nan, wani masani mai suna Alain Maujean ya yi aiki a kan wannan tun ƙarshen shekarun 1970. Kuma ba sai rana ba, dogon ƙwan lantarkin kanti ma yana yi. A farar kwalba 'yan sa'o'i sun isa a fara jin canji. Kumfar shamfen kuwa tana ɗauko warin ta kawo shi hanci, shi ya sa su suka fi kowa tsoro.

Ga yadda launukan suke a wajen tare wannan haske. Ruwan ƙasa shi ne gaba, yana tare fiye da kashi 90 cikin 100. Kore ya danganta da duhunsa da kaurinsa, mai haske ba ya wuce rabi da ɗoriya, mai duhun da ya karkata zuwa ruwan ƙasa ya fi shi nesa. Fari kusan ƙofa ce a buɗe. Shuɗi, duk da kyansa, shi ma ba abin dogaro ba ne, domin hasken da ake gudu shi yake bari ya wuce. Kwalbar shamfen kanta nauyi gare ta, giram 835, a da ma 900 ce kafin a rage wajen 2010, domin iskar da ke ciki ta ninka ta tayar mota sau biyu zuwa uku. A ƙarni na 19 fashewar kwalabe ta yi yawa har ma'aikatan rami kan sa abin rufe fuska na ƙarfe.

A wani kanti a cikin gari na ga wadda ta saɓa wa duk wannan: Cristal, ta gidan Louis Roederer, fara tas, gindinta a shafe. A 1876 aka fara yin ta don Sarkin Rasha Alexander na Biyu. Ana ba da labari cewa tsoron guba da bam ne ya sa ya nemi kwalbar da zai ga cikinta, marar loko a gindi da za a ɓoye wani abu. Ko ma mene ne gaskiyar labarin, bam ɗin ne ya kashe shi a 1881, a kan titi. Har yau a farar kwalba ake sayar da ita, da tsadar da ba ta faɗuwa, amma an naɗe ta da leda mai ruwan ɗorawa don tare haske. Wato an biya kuɗin farin gilashi, an sake biyan kuɗin rufe shi.

A babban kantin da muka shiga sayen burodi da kifin gwangwani na tsaya na ƙare wa layin kallo, sai na ga abin a juye yake. Jar giya, wadda launinta da ɗacin ɓawon inabi suke kare ta da kansu, ita ce a cikin kwalba mai duhu, ta yankin Bordeaux kore mai kauri, ta yankin Burgundi kore mai ratsin ruwan ƙasa. Fara da mai ruwan hoda, waɗanda ba su da wannan kariya, su ne tsirara a farar kwalba, a ƙarƙashin fitila tun safe har dare. Na yankin Provence da ke kudancin Faransa kusan duk haka suke, don launin nan mai haske shi ne abin sayarwa. Kamar atamfar da aka rataya a ƙofar shago a Kantin Kwari ce, ita ke jawo mai saye, ita ce kuma ke fara koɗewa. A ganina masu wannan sana'a sun san illar sarai, sun auna ne suka ga wanda zai ƙi saye don bai ga launi ba ya fi wanda zai dawo da ƙorafi yawa. Galibin masu sha ma ba su san haske ne ya taɓa abin ba, sai su ce wannan gidan bai iya ba.

To launi yana da tasiri? A kan ɗanɗano kai tsaye, babu. A matsayin shaidar inganci, ko kaɗan: kwalba mai duhu da nauyi da zurfin gindi ba ta nuna abin ciki ya fi kyau, sau da yawa kuɗin dako kawai take ƙarawa. Inda yake da tasiri shi ne tsakanin masana'anta da hannun mai saye, gwargwadon hasken da kwalbar za ta sha a hanya da kan kanta. In a kwali take ko a duhun rami, fara da baƙa duk ɗaya ne.

A nan ne maganar ta shigo gonata. Man zaitun yana da koren sinadarin ganye a jikinsa, wanda in haske ya same shi yake gaggauta lalacewar man, ya soma ɗaci da warin tsohon mai. Sinadarin da ake nema a man habbatussauda shi ma haske na cin sa. Madara ma ribofilabin ɗin nan gare ta. Ba banza ba maganin tari na ruwa yake zuwa a kwalba mai ruwan ƙasa. Mu kuwa ranarmu ba irin ta Jamus ba ce, ga masu sari suna jera kaya a tebur a bakin masallaci daga hantsi har la'asar. Amma matsalar tsohuwar Mosel ita ce tawa: mai saye a Kano yana son ya ɗaga kwalba sama ya ga man, ya karkata ta ya ga kaurinsa, don an sha haɗa masa da man gyaɗa. Ka ba shi baƙar kwalba, sai ya ce me ake ɓoyewa.

A jirgin ƙasan da ya ɗauke mu daga Reims zuwa Faris muka baje takardun farashin da na tattaro a kan ɗan teburin kujera.

"Kawu, ruwan ƙasa za ka ɗauka gaba ɗaya, magana ta ƙare."

"Kai ɗan boko ne. Wa zai sayi zuma bai gan ta ba?"

Zuma dai aka bar ta a farar kwalba, tunda ta fi mai juriya kuma ba ta daɗewa a hannunmu. Habbatussauda ta koma ƙaramar mai ruwan ƙasa irin ta magani, wadda mutane suka riga suka saba da ita a kemis. Man zaitun ne muka yi ta ja a kansa har jirgi ya fara rage gudu. Shi yana cewa gwangwani ya fi komai, haske ba ya shiga ko kaɗan, ni ina lissafin yadda gwangwani ke loɓewa a bayan mota tsakanin Legas da Kano. Muka tsaya a kore mai duhu cikin kwali, kowane dila kuma a ba shi farar kwalba guda ta gwaji da zai ajiye a gaban tebur, a rubuta mata ba ta sayarwa ba ce. Da na buga lissafi, kwalin ya ƙara wa kowace kwalba kuɗi fiye da bambancin da ke tsakanin farin gilashi da koren, kuma mai kwalin a Kano yake, ba sai na yi odarsa daga waje ba.